Tsakuwa a Jakar Ali

Ɗana, matso kusa, ina son mu yi magana a kan fim ɗin nan da ya cika muku wayoyi.

Wata ranar Asabar da yamma ina dawowa daga gaisuwar mutuwa a Ƙiru, na tsaya a Kwanar Ɗangora ina jiran mota. Na samu benci a ƙofar wani shago na masu cajin waya da tura fina-finai na zauna. Samari biyar ko shida sun haɗa kawunansu a kan waya ɗaya. Muryar da ke fitowa Hausa ce tsantsa, irin ta Kano, fuskokin kuwa na mutanen Koriya. Can sai na ji ƙarar bindiga, sai wani yaro da bai wuce shekara 17 ba ya tafa hannu ya ce, "Wallahi gayen nan ƙwaro ne! Shi kuma wancan ai dolo ne, wa ya ce ya yarda da shi?" Suka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya ce, "Kai, amma fa ya ci amana." Suka taso masa gaba ɗaya: "Amana a inda ake kashe mutane? Kai ma in kai ne haka za ka yi."

Maganar ta bi ni har gida, ta hana ni barci da wuri. Washegari na aiki ƙaramin ɗana aka turo mini fim ɗin, na kalli kashi 9 na zangon farko cikin dare huɗu, don ba na son in yi maka faɗa a kan abin da ban gani da idona ba.

Sunansa Squid Game. Netflix ne ya sake shi ranar 17 ga Satumba, 2021, wani ɗan Koriya ta Kudu mai suna Hwang Dong-hyuk ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni. Zango na biyu ya fito a Disamba 2024, na uku a Yuni 2025, amma na farkon ya ishe mu magana. Mutum 456, kowanne bashi ya yi masa katutu, aka kwashe su zuwa wani tsibiri, aka ce su yi wasannin yara guda 6, wanda ya kai ƙarshe ya tafi da kuɗin ƙasarsu won biliyan 45 da miliyan 600, kusan dala miliyan 38 a lokacin. Wanda ya faɗi, harbe shi ake yi. Duk ran da ya fita sai a zuba won miliyan 100 a wani ƙaton asusu na gilashi da ke rataye a saman ɗakin kwanansu, suna kwance suna kallon kuɗin jinin 'yan'uwansu yana taruwa a kansu. Tun kafin mu yi nisa in gaya maka: jinin da ke cikin fim ɗin nan ya wuce kima, akwai kuma wuraren da ɗan mutunci zai kau da kai. Kada ka miƙa wa ƙanenka ɗan shekara 10 wayar ka fita.

A zamaninmu in mun je kallon fim ɗin Indiya a sinima, ido ne ke fassara mana, rabin maganar ta wuce mu. Da masu fassara na Kano irin su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, sai katangar nan ta rushe, har ta kai yau na Koriya da na China ma da Hausa ake jin su. Sana'a ce, akwai gwaninta a cikinta, ban raina ta ba. Sai dai macuci in yana magana da yaren da ba ka ji, baƙo ne, kana kallonsa daga nesa. Ran da ya buɗe baki ya lallashi abokinsa da Hausar da yayanka ke lallashinka da ita, ya zama ɗan unguwarku, dabararsa ta zama abin da kai ma za ka iya ɗauka ka sa a aljihu. Ga barkwancin da akan cusa don a yi nishaɗi, har a wurin da ya kamata zuciya ta karye sai ka ji ana ƙyaƙyata dariya.

Bari in tuna maka wane ne Ali, tunda abokanka sun manta. Shi ne mai lamba 199. Ɗan ci-rani ne daga Pakistan, kamar yaranmu da ke tafiya Legas ko Fatakwal in an gama girbi. Yana aiki a wata masana'anta, inji ya cinye masa yatsu, mai masana'antar ya riƙe masa albashin wata 6, ga mata ga jariri. A wasan farko, inda mutum 255 suka mutu cikin 'yan mintoci, Gi-hun, jarumin fim ɗin, ya yi tuntuɓe zai kife, Ali ya cafke rigarsa ta baya ya riƙe shi cak, alhali ƙaramin motsi zai sa a harbe shi shi ma. Bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba. A wasan jan igiya shi aka sa a can ƙarshe saboda ƙarfinsa, rayukan mutum 10 suka rataya a ƙugunsa.

Sang-woo kuma, mai lamba 218, ɗan boko ne na gaske. Ya yi Jami'ar Ƙasa ta Seoul, wadda kowane uba a ƙasar ke mafarkin ɗansa ya shiga. Unguwarsu duka da shi ake alfahari, uwarsa mai sayar da kifi a kasuwa ba ta da zance sai nasa. Ya taɓa yi wa Ali alheri na gaskiya: a daren da aka watsar da su a titi bayan wasan farko ya ara masa waya, ya saya masa abinci, ya ba shi kuɗin mota. Tun daga nan Ali yake kiransa maigida, har Sang-woo da bakinsa ya ce ya daina, ya riƙa ce masa yaya.

Ran wasa na huɗu aka ce kowa ya zaɓi abokin tafiya. Kowa ya ɗauka su biyu za su haɗu su kara da wasu, don haka kowa ya kama hannun wanda ya fi amincewa da shi. Sai da aka shiga fili aka ba kowa 'yan ƙwallayen gilashi guda 10 a jaka, aka ce cikin minti 30 ka cinye na abokinka, ban da ƙwace, wanda ya rasa nasa ya mutu. Ali bai ma san wasan ba, Sang-woo ne ya koya masa canken cika ko mara. Sa'a ta bi Ali har ya rage wa Sang-woo ƙwallo ɗaya. Ka lura da matakan da mutumin nan ya bi, don su ne matakan kowane maci amana da na sani. Da farko ya yi fushi ya ce Ali maguɗi yake yi. Da ya ga bai ci ba, ya durƙusa yana kuka yana ambaton uwarsa. Da wannan ma bai ci ba, sai ya share hawaye ya ce ya gano hanyar da su biyun za su tsira, Ali ya zagaya ya dubo masa sauran 'yan wasa. Ya ce kawo jakar in ɗaura maka a wuya kada wani ya fizge. A wurin ɗaurawar ya juye ƙwallayen ya cika ta da tsakuwa. Ali ya tafi aiken da aka yi masa da zuciya ɗaya, ya dawo lokaci na ƙarewa yana kiran yayansa, yana kira, babu amsa. Ya buɗe jaka. Harbin da ya biyo baya shi ne wanda na ji a Kwanar Ɗangora, shi ne wanda yaron nan ya tafa wa hannu.

To ina tambayarka, ɗana, mene ne laifin Ali? Ya yarda da mutumin da ya ciyar da shi ran da yake jin yunwa, mutumin da ya ce masa ka kira ni yaya. In wannan wauta ce, to wawaye ne suka cika ƙasar nan tamu, kuma da wautarsu muke ci muke sha. Manomi a Doguwa yana loda buhun masara 20 a mota ya bi dillali da ido zuwa Dawanau, babu takarda babu shaida. Mai haƙar kuza a Riruwai yana sauka rami, igiyar tana hannun abokinsa a sama. Masunci a Tiga yana barin komarsa da kwalekwalensa a bakin ruwa ya tafi Juma'a. Mata 12 suna zuba adashi a hannun uwar adashi wata da watanni. Bafulatani yana kiwon shanun mutanen gari a dajin da mai su bai taɓa takawa ba. Kai kanka, sau nawa innarka ta kwance bakin zane ta ba ka kuɗi ta ce je ka sayo, ba ta ƙirga canji ba? Ran da kowa ya zama ƙwaro irin wanda abokanka ke yabo, babu motar da za ta tashi daga tasha, babu wanda zai sauka rami.

Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Yaranmu sun fara jin tsoron a ce musu dolo fiye da tsoron a ce musu maciya amana. Da can in aka ce wane ya ci amana, an gama da shi, ba ya samun mata a garin, ba ya samun mai ba shi bashin mudu ɗaya. Yanzu sai a ce ya waye, ya iya taku, idonsa a buɗe yake.

Na san hujjarka, ita ce ta samarin nan: "Baba, tilas ce. In bai yi haka ba shi za a kashe." Malamanmu sun riga fim ɗin nan tattauna wannan mas'ala da shekaru fiye da dubu. Shari'a ta san tilas, ta kuma yi mata sauƙi mai yawa. Wanda yunwa za ta kashe an halatta masa mushe. Ammar ɗan Yasir, da azabar mutanen Makka ta kai shi ya furta kalmar da ba ya so alhali zuciyarsa na cike da imani, ba a kama shi da laifi ba, aya ta 106 a Suratun Nahli a kan irin halinsa take. Amma malamai sun haɗu a kan cewa sauƙin nan bai kai ga ran wani ba. In aka ɗora maka takobi a wuya aka ce kashe wane ko a kashe ka, ba ka da izinin kashe shi, domin ranka bai fi nasa tsada ba. Uwar Sang-woo ba ta fi matar Ali da jaririnsa ba. Kuma a cikin filin nan ɗaya, a minti 30 ɗin nan ɗaya, akwai wata yarinya mai suna Ji-yeong da ta saki ƙwallonta da gangan a gaban ƙafarta, don abokiyarta Sae-byeok na da ƙane a gidan marayu da yake jiranta. Akwai mutumin da ya cinye matarsa ya tsira, ya kasa ɗaukar abin, ya rataye kansa. Bindiga ɗaya ce a kan kowa, abin da kowa ya aikata ya bambanta. Wanda ya ce maka kowa ma haka zai yi, bai kalli fim ɗin da kyau ba.

Amma inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne wannan: ba a filin ƙwallaye Sang-woo ya fara cin amana ba. A can ta nuna, ta daɗe da tsirowa. Kafin ya taka tsibirin ya riga ya kwashi kuɗin mutanen da suka ba kamfaninsu ajiya ya zuba a cinikin hannun jari mai kama da caca, ya yi asara, bashin ya kai won biliyan 6, 'yan sanda na nemansa. Ya jinginar da gidan uwarsa da rumfar kifinta ba da saninta ba, yana kiranta a waya yana ce mata yana Amurka wurin aiki. A wasa na biyu ya gano tun kafin a fara cewa alewar sukari za a ba su su fitar da zanen cikinta da allura. Ya zaɓi zane mafi sauƙi, ya bar Gi-hun, abokin wasan ƙasarsa, ya ɗauki laima, mafi wuya. Ya buɗe baki zai faɗa masa, ya kira sunansa, sai ya ce bar shi kawai. Shirun nan ƙarami ne, babu wanda ya gani, amma mutumin da ya iya yin sa ya riga ya koya wa zuciyarsa hanya. Bayan Ali sai ya tura wani mutum daga kan gadar gilashi da hannunsa, bayan wannan sai wuƙa a wuyan yarinya mai rauni tana kwance. Kowane mataki ya fi na baya sauƙi a gare shi.

Na san wani yaro a yankinmu, na koyar da shi a aji, nutsattse ne. Kawunsa ya buɗe masa shagon POS ya zuba masa jari. Abokai suka nuna masa cacar ƙwallo a waya. Ya ɗauki naira 2,000 daga jarin da niyyar mayarwa da yamma. Ta tafi. Ya ɗauki 5,000 don ya dawo da 2,000. Da kawun ya zo lissafi sai ya ce intanet ce ta riƙe kuɗin wani. Daga nan ya fara cire wa tsofaffin da ba su iya karatu ba fiye da abin da suka ce, su da suke miƙa masa kati har da lambar sirri don sun san ubansa. Ran da asiri ya tonu ya gudu Abuja, uwarsa ta sayar da awakinta da keken ɗinkinta. Yaron nan bai taɓa tashi da safe ya ce yau zan cuci tsohuwa ba. Naira 2,000 ya ara.

Shi ya sa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yawan neman tsari daga bashi. Da aka tambaye shi dalili, ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga yin ƙarya da saɓa alkawari. Nana A'isha ce ta ruwaito, yana cikin Buhari. Ka haɗa wannan da alamomin munafuki uku da ka haddace tun a Islamiyya, ƙarya da saɓa alkawari da cin amana, za ka ga bashin da aka ɓoye ya riga ya kawo biyu, na ukun yana bakin ƙofa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu abin kunya a cikinsa. Ɓoye shi ne ke kisa. Da Sang-woo ya je ya durƙusa a gaban uwarsa ya ce na yi asara, da ya sha kunya, wataƙila ya sha ɗauri, amma da Ali na raye. Girman kan ɗan jami'ar da unguwa ke alfahari da shi ne ya hana shi.

Shi ma mai fim ɗin daga cikin bashi ya rubuto shi. Ya tsara labarin tun wajen 2009, lokacin da shi da iyalinsa ke cikin matsi, aka yi ta ƙin karɓa kusan shekara 10. Tarihin Gi-hun, ma'aikacin kamfanin mota da aka kora, an ɗauko shi ne daga abin da ya faru da gaske a kamfanin Ssangyong a 2009, inda aka yanke shawarar sallamar ma'aikata fiye da 2,600, suka mamaye masana'antar kwana 77 kafin 'yan sanda su fatattake su. A shekarar da fim ɗin ya fito, bashin da ke kan gidajen Koriya ta Kudu ya zarce duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ƙasa ce mai arziki, mai ƙera motoci da wayoyi, amma ga abin da ɗanta ya ga ya dace ya nuna wa duniya. Mu da muke fama da tsadar taki da ta mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, mu da manominmu ke karɓar kuɗi da damina a kan zai biya da buhu in kaka ta yi, mun fi su kusa da ƙofar nan.

Kuma mai gayyata yana nan yana yawo a cikinmu. A fim ɗin mutum ne mai kwat da murmushi a tashar jirgin ƙasa, yana ba da won 100,000 a kan ƙaramin wasa, don ka ɗanɗana. A nan MMM ce, da ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, da CBEX da ta yi haka a Afrilun 2025, da ire-irensu da ke canza suna kowace shekara. Ka lura da yadda suke tafiya: ba sa cin baƙo sai ta hannun na gida. Ana ce maka kawo mutum uku a ƙarƙashinka, wa za ka kawo in ba ƙanwarka da amininka da limamin unguwarku ba? Amanar da suka ba ka ita ce hajar da kake sayarwa. Haka masu satar shanu da masu garkuwa da suka addabi hanyar dajin Falgore shekarun baya. Mutumin daji bai san wanda ya sayar da masara jiya ba, bai san ɗakin da maigida ke kwana ba. Sai da ɗan gari akan ci gari. Infoma yaro ne da ya ci tuwo a gidan. A Disamba 2021, wata uku bayan fitowar fim ɗin nan, aka sace yarinya 'yar shekara 5 a birnin Kano tana dawowa daga Islamiyya. Mai makarantar bokon da take zuwa ne ya ɗauke ta, ta bi shi don ta san shi. Ya nemi naira miliyan 6, ya kashe ta don ta gane shi, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Duk Kano ta yi kuka. Ko mutum ɗaya ban ji ya ce yarinyar ce ta yi wauta da ta yarda da malaminta ba.

Kada ka ɗauka Gi-hun, jarumin fim ɗin, ya fita da hannu mai tsabta. Da ya ga zai faɗi a wasan ƙwallaye sai ya yi amfani da mantuwar tsoho mai lamba 001 ya riƙa yi masa ƙarya yana kwashe masa ƙwallaye, yana kuka yana yi. Kafin nan ya saci katin bankin uwarsa ya kai kuɗin cacar dawaki. Na kawo maka wannan don kada ka ce ni mai tausayi ne, ba zan taɓa zama Sang-woo ba. Mai tausayi ma yana faɗawa in ya bari aka kai shi bakin ramin. Bayan wasan farko an yi ƙuri'a, 101 suka rinjayi 100, aka sallami kowa ya koma gida. Cikin mutum 201 ɗin nan, 187 suka dawo da ƙafarsu, sun san abin da ke ciki sarai. A ranar dawowar aka yi babbar asara.

Akwai kuma masu kallo daga sama, attajirai da fuskokin zinariya, suna shan abin sha suna caca a kan wanda zai riga mutuwa. Ba sa taka fili. Ka tuna da su duk ran da wani ya ba ka naira 5,000 da ƙwaya da gora a lokacin zaɓe. Mun ga abin da ya faru a Tudun Wada a zaɓen Fabrairun 2023, aka rasa rayuka, aka ƙona gini. Waɗanda aka binne da waɗanda suka ɗauki makami ƙasa ɗaya suka fito, kasuwa ɗaya suke ci.

Kai ɗan ƙasar Bebeji ne ko maƙwabcinta, kana da abin koyi da ya fi na tsibirin nan. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Mahaifinsa madugu ne cikin Agalawa, ya rasu ya bar shi yana yaro, wata mata mai suna Tata ta rene shi, sunanta ne ya bi shi har yau. Ya bi hanyar Gwanja fataucin goro, daga baya ya shiga gyaɗa, a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa bankin Turawa da ke Kano a kan raƙuma 20, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ka tambayi kanka yadda fataucin nan yake tafiya. Tafiyar watanni ce, babu waya, babu kotun da za ta bi maka haƙƙi daga Kano zuwa Kumasi. Falke yana sauka a gidan fatoma ya danƙa masa kaya da kuɗi. Maigida yana ba yaransa jari su bazu ƙauyuka sayen gyaɗa, ba ya ganinsu sai kaka ta ƙare. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa yana riga shi isa kowane zango, ya gama fatauci har abada. Dukiyar da ta fi kowace girma da ta fito daga yankin nan a kan irin halin Ali aka gina ta. In ka haura sama kuma, a shekarar Hijira, 622, mutanen Makka sun kewaye gidan Annabi suna neman ransa, kayan ajiyarsu kuwa suna cikin gidan, don ba su da wanda suka amince da shi kamarsa. Ya bar Sayyidina Ali a baya ya mayar wa kowa da kayansa. Babu tilas da ta kai ta wannan dare.

Ban ce ka rufe ido ka miƙa wa kowa jakarka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. In za ka yi hulɗar kuɗi ko da da ɗan ɗakinku ne, ku rubuta, rubutun yana tsare zumuncin. Ana ruwaito cewa Sayyidina Umar ba ya karɓar shaidar cewa ka san mutum sai in ka yi maƙwabtaka da shi, ko tafiya, ko cinikin kuɗi. Ka auna mutane da wannan ma'auni. In an cuce ka bayan haka, ka yi asarar kuɗi, shi ya tafi da alhaki, alhaki kuwa kwikwiyo ne. In kai ke bin bashi ka ga ɗan'uwanka ya shiga ƙunci, ka saurara masa, aya ta 280 ta umarce ka da haka. Kada matsinka ya zama shi ne ya tura shi hannun mai kwat. In kai ake bi, ka je da ƙafarka ka faɗa tun ana naira 2,000. In kuwa ka riga ka zuba wa wani tsakuwa, ɗana, istigfari kaɗai ba ya wanke haƙƙin mutum. Ka nemi mai shi tun yana raye, ka mayar, in babu ka faɗa masa gaskiya ku yanka yadda za ka biya. Za ka ji kunya ta kwana biyu. Ni zan raka ka in kana so, iyaye da yawa za su raka 'ya'yansu in an gaya musu.

Ka ga yadda ƙwaron ya ƙare, tunda kun kalla har ƙarshe. Ya kai wasan ƙarshe, ya sha kaye, ya soka wa kansa wuƙa a cikin ruwan sama yana ambaton uwarsa. Gi-hun ya dawo unguwa da katin biliyoyi a aljihu, ya ci karo da uwar Sang-woo a bakin rumfarta. Ta ƙulla masa kifi ta ce ya kai wa innarsa, ta fara tambayarsa ko ya ji labarin ɗanta, sai ta fasa. Ya shiga gida da ƙullin kifin ya tarar da tasa uwar kwance a ƙasa, ta rasu ita kaɗai. Ya shekara bai taɓa kuɗin ba.

Motata ta zo a ranar kafin in yi wa samarin nan magana, abin yana damuna har yanzu. Yaron nan ɗaya da ya ce an ci amana, da suka yi masa ca sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kamar shi ne ya faɗi abin kunya. Siriri ne, yana sanye da rigar makaranta da ta koɗe, da buhun gawayi ɗaure a bayan kekensa. In ka san shi ka gaishe mini da shi, ka ce masa tsohon da ke kan benci ya ji abin da ya faɗa, kuma ran da zan bar ajiya a Kwanar Ɗangora shi zan nema.